Yadda Ake Fitar da Garke Daga Rani

Duk wanda ya ga garken shanu a watan Satumba, ya sake ganinsa a ƙarshen Afrilu, zai rantse an musanya masa shi. A Satumba tozo a miƙe yake, fata na sheƙi, maruƙa na tsalle, ƙwaryar tatsa tana cika. A Afrilu kuwa kana iya ƙirga haƙarƙarin saniya daga nesa, wata ma in ta kwanta sai an taru an kama wutsiya da ƙaho an ɗaga ta. Shanun su ne dai, ciyawa da ruwa ne suka canja. Wannan hawa da sauka shi ne rayuwar kiwo daga Azawak har gaɓar Binuwai, ba kuma wanda zai hana shi. Abin da ke hannun makiyayi shi ne zurfin saukar.

Na rubuta wannan ne don mai bin shanu da sanda, da kuma ɗan birni da ya sayi 'yan shanu ya ba Fulani kiwo, wanda ba ya tunawa da su sai an bugo waya an ce ɗaya ta faɗi. Da kaka zan fara, domin a ganina shekarar makiyayi daga nan take somawa. Saniyar da ta faɗi a bazara, galibi tun kaka aka kayar da ita.

Mataki na farko: ƙirga da tacewa a kaka

Na san akwai masu ƙin ƙirga dukiya, wai ƙirga na jawo baki. To, kada ka faɗa wa kowa adadin, amma kai ka sani. Da ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ka tsaya bakin garke da sassafe kafin a saki shanu, ka kasa su a zuciyarka: masu tatsa da maruƙansu, masu ciki, karsana, bijimai, da tsofaffi. Kowane kashi da irin rabonsa a rani, don haka sai ka san nawa ne a cikinsa.

Daga nan sai duba jiki, dabba bayan dabba. Dubi tozo, dubi ƙashin ƙugu da gindin wutsiya, shafa haƙarƙari. Saniyar da ta ci damina guda cur amma har yanzu ƙasusuwanta a waje, akwai abin da ke cin ta: ko tsutsar ciki, ko ciwon hanta, ko sammore, cutar da ƙudan tsando ke sawa, ko kuma tsufa. Buɗe bakinta. In haƙoran gaba sun cinye, sun zama guntaye da giɓi a tsakani, ba za ta iya tsinkar busasshiyar ciyawa ba, balle kara. Irin wannan guzuma ita ce ta farko a layin kasuwa.

Nan ne gardama take. Makiyayi ba ya son rabuwa da tsohuwar saniya, musamman wadda ya gada ko wadda ta haifa masa rabin garken. Ina girmama wannan. Sai dai lissafin a fili yake: guzumar da za ta yi kuɗi a kasuwar Wudil ko Maigatari a Nuwamba, ita ce a Afrilu mahauci zai zo har ruga ya yi mata tayin wulaƙanci, kai kuma ka sallama don kada ta mutu mushe. Haka juyar da ta shekara biyu ko uku ba ta ɗauki ciki ba, da bijiman da suka yi yawa. Bijimi lafiyayye guda ya ishi shanu mata ashirin zuwa talatin. Saura ko a dandaƙe su a yi shanun huɗa, ko a sayar.

Akwai wata riba ta biyu da mutane ke mantawa. A kaka dabba na da tsada, hatsi da harawa na da araha. A bazara sai abin ya juye: dabba ta faɗi, buhun gero da na dusa sun tashi. Wanda ya sayar da sa ɗaya a kaka ya sayi abincin gida da na shanu, in ya jira bazara sai ya sayar da biyu ko uku kafin ya sami wannan kayan.

Tumaki da awaki lissafinsu daban ne. Cikinsu wata biyar ne, suna saurin yawa, kuma akuya na cin ganyen da saniya ba ta kula shi. Su ne kuɗin cefane da na magani, su ke kare shanu daga zuwa kasuwa ba shiri. In kana da raguna Uda ko Balami, ka duba inda Babbar Sallah za ta faɗo, tunda kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya.

Mataki na biyu: gonaki bayan girbi

Makonnin da ke bin girbi wata ƙaramar damina ce ga shanu. Karan dawa da na gero da sauran ganye a jikinsu, ga ragowar wake, ga zangarniyar da ta zube. Amma nan ne kuma aka fi zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi. Dokar guda ce: kada ka shiga gona sai mai ita ya kwashe amfaninsa ya kuma yarda. A Nijar hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki, yanki-yanki, kafin ranar kuwa duk ɓarnar da dabba ta yi mai ita ne zai biya. A Najeriya abin ya fi dogara ga fahimtar juna tsakanin arɗo da mai gari. Ka tuna wake da dawar da ke nuna a makare, irin ƙaura, suna daɗewa a gona bayan an cire gero, kuma kauce wa gonar rogo da ta masu noman rani wajibi ne.

A da manomi ne ke roƙon Bafulatani ya kwana masa a gona don taki, har ya haɗa masa da damin hatsi. Yau kara ya zama haja, manomi na tattara shi ya sayar ko ya ciyar da nasa dabbobin. Duk da haka tsadar takin zamani ta sa wannan tsohuwar yarjejeniya tana da sauran rai. Ka nemi manomin da gonarsa ta gaji, ku yi magana a gaban shaidu: kwana nawa za ka yi, ina za ka shayar, wane yanki ne ba a taɓawa. Ka riƙa matsar da makwancin shanun bayan 'yan kwanaki don takin ya game gonar, shi ya ji daɗi ya neme ka baɗi.

Hattara da gyauron dawa, wato sabon tohon da ke fitowa daga kututturen bayan an yanke. Yana ɗauke da guba mai kashe dabba cikin ɗan lokaci, musamman in ta afka masa da yunwa.

Mataki na uku: tanadi, da lissafinsa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saniya matsakaiciya, mai nauyin kilo 250, tana buƙatar busasshen abinci kimanin kilo 6 a rana. In kana da shanu 30, kilo 180 ke nan kullum. A kwana 90 na tsananin rani ya haura tan 16. Babu makiyayin da zai tara wannan a kan rumfa, kuma ba shi ake nufi da tanadi ba. Daji ne zai cika musu ciki. Matsalar ita ce ciyawar rani ciko ce kawai: gamba da kyasuwa in sun bushe, sinadarin gina jiki da ke cikinsu ya zube ƙwarai, har tumbin saniya ya kasa narkar da su yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga tana ci amma tana ramewa. Abin da za ka tanada shi ne ɗan ƙarin da zai sa wannan busasshiyar ciyawa ta yi amfani, kuma ba kowace dabba za a ba ba.

Misali, ka ware shanu 8, masu tatsa da masu tsohon ciki. In kowacce za ta sami kilo 1 na ƙuliƙulin angurya ko dusa mai kyau a rana har kwana 90, kilo 720 ke nan. Wannan abu ne da kuɗin sa ɗaya ko biyu zai iya ɗauka in an saya da wuri. Haɗa da harawar wake da ta gyaɗa, da ƙowa. Harawa a ɗaure ta tun da sauran korenta, a ɗora a kan rumfa ko reshen itace, nesa da gara da rana mai dukan kai tsaye, domin ganyen shi ne abincin, in ya kakkaɓe saura igiya.

Ciyawar daji ma ana yanka ta a adana, amma lokacin yankan shi ne sirrin. A yanke ta a ƙarshen damina tana fara fure, a shanya kwana biyu ko uku, a tara a inuwa. Wadda aka bari ta bushe a tsaye sai Disamba aka yanko, ba ta fi kara ba.

Malaman kiwo, irin na cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, sun daɗe suna koyar da jiƙa kara ko bambaron shinkafa da takin yuriya: kilo 4 zuwa 5 a narke cikin ruwa lita 100, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a danne a rami a rufe ruf da leda na mako uku, a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Yana aiki. Amma yuriya guba ce in dabba ta sha ruwanta ko ta lashi garinta, kuma ba a ba ƙananan maruƙa. Karon farko ka yi shi tare da malamin gona, kada ka yi da ka.

Kanwa da gishiri kuwa ba a wasa da su. Ba don banza makiyayan Nijar ke kora dabbobi har Ingal a ƙarshen damina ba, inda ƙasa da ruwan wurin ke da gishiri. Wanda ba zai je can ba, sai ya kawo wa shanunsa kanwa gida. Saniyar da ka ga tana tauna ƙashi, tsumma ko leda, jikinta ne ke neman abin da ya rasa, ledar kuma in ta taru a tumbi sai wuƙa.

Mataki na huɗu: allura da magani kafin tafiya

Hunturu ne lokacin rigakafi, tun shanu na da ƙarfi. Ciwon huhu na shanu ana yi masa allura duk shekara, kuma a mashaya da kasuwa ake kwasarsa, inda garkuna ke cuɗanya. Tumaki da awaki suna da tasu allurar ta annobar da ke zuwa musu da majina da zawo. Cutar harbin daji da ciwon saifa a yi musu tasu kafin ruwa ya sauka. A Najeriya cibiyar Vom da ke Filato ce ke sarrafa yawancin waɗannan allurai, ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ne kuma wurin tambaya. Dattawa na tuna yadda cutar bushiya ta share garkuna a farkon shekarun 1980. Allura ce ta kawar da ita, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Wannan ya ishi mai shakkar allura hujja.

Maganin tsutsa sau biyu ya fi muhimmanci: ƙarshen damina, don kada dabba ta shiga rani da masu raba ta da abincinta, da kuma bayan ruwa ya zauna. In za ka gangara kudu inda ƙudan tsando yake, ka nemi shawarar likita kan maganin kariya daga sammore. Bunaji da Rahaji da Bokolo duk shanun tudu ne, ba su da juriyar wannan cuta kamar gajerun shanun kurmi. Kuma don Allah a daina sayen allura a tire a rana tsaka a kasuwa, ana yi wa sa mai kilo 300 awon ɗan maraƙi. Rabin magani ba ya kashe cuta, koya mata jure maganin yake yi.

Mataki na biyar: raba garke da neman ruwa

Wajen Janairu zuwa Fabrairu gonaki sun ƙare, tafkuna sun soma ƙafewa. Nan za ka yanke shawara: zama ko tafiya. Abin da gogaggu ke yi shi ne raba garken. Masu tatsa kaɗan, da raunana, da ƙananan maruƙa su zauna gida tare da mata da tsofaffi, su ci tanadin nan. Masu ƙarfi samari su tafi da su inda ruwa da ɗanyar ciyawa suke: fadamun Hadeja da Nguru, gaɓar Neja da Binuwai, kudancin Kaduna, ko bakin Tafkin Chadi. Rabawar na rage wa makiyayar gida nauyi, kuma in cuta ko ɓarayi suka afka wa kashi ɗaya, ɗayan ya tsira.

Kada garke ya tashi sai wani ya riga shi zuwa. Fulani na da mutumin da suke kira garso, wanda ya san daji, shi ke zuwa ya dubo ciyawa da mashaya, ya ji labarin cuta, ya gaida masu gari. Yau waya ta sauƙaƙa wannan, amma ba ta maye gurbin ido ba. Abubuwan da zai tambayo sun ƙaru a zamanin nan. Shin burtalin da aka bi bara yana nan, ko an nome shi? Dokar wuraren kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa tun 1965 take, amma da yawan makiyayun da labukan da aka shata gonaki da gine-gine sun cinye su. Shin jihar da za a shiga ta yarda da kiwon sake? Binuwai ta haramta shi tun 2017, wasu jihohin kudu ma sun bi sahu, wanda ya shiga bai sani ba zai iya rasa shanunsa a hannun hukuma. Shin hanyar na da lafiya? Dazuzzuka irin Rugu da Kamuku da a da suke matattarar shanu, yanzu sai an yi tambaya sosai. Mai tsallaka iyakar ƙasa kuma ya nemi takardar shaidar ƙaurar dabbobi da ta allura, wadda yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta tanada, ya kuma binciki halin da iyakar ke ciki a lokacin.

Saniya na shan lita 20 zuwa 30 a rana, a zafin bazara fiye da haka. In mashaya ta yi nisa da ciyawa, wasu na shayarwa kwana ɗaya su tsallake ɗaya. Manya marasa tatsa na iya jurewa, amma mai shayar da maraƙi nononta zai ƙafe. A yi tafiya da sanyin safiya da yamma, a huta a inuwa da rana. Kiwon dare na taimakawa ƙwarai a wannan lokaci, in wurin da tsaro kuma ba gona kusa.

Fadama tana da daɗi tana da dafi. Ƙananan dodon koɗin da ke cikin ruwan kwance su ke ɗauke da tsutsar hanta. Duk garken da ya yi rani a fadama, a ba shi maganin hanta in ya fito.

Sai itatuwa. Gawo abin mamaki ne, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, 'ya'yansa kuma abinci ne mai gina jiki, har a kasuwa ake sayar da su. Ganyen kawo, da maɗaci, da madobiya duk suna ceton shanu. Amma sara iri biyu ne. Akwai mai rage rassa ya bar itacen ya sake toho, akwai mai yi masa aski tas ya kashe shi. Na biyun ne ya sa manoma da ma'aikatan gandun daji ke ganin makiyayi da gatari su ɗaure fuska, kuma shi ma baɗi ba zai tarar da komai ba.

Mataki na shida: bazara da ruwan farko

Daga Maris zuwa saukar ruwa, aikin ya koma jinya. Ka riƙa ba raunana ƙarinsu su kaɗai, domin in aka zuba a tsakiyar garke masu ƙaho da ƙarfi ne za su cinye. Saniyar da ta kwanta a ɗaga ta safe da yamma, a juya ta, a kai mata ruwa da harawa inda take. In kwana biyu sun wuce ba ta tsayawa da kanta, a kira mahauci tun tana da sauran nama.

Akwai maganar da sai an yi ta da matan gida cikin lalama, tunda nono nasu ne, da shi suke sayen gishiri da sabulu. A bazara saniya ba ta da abin da zai ishi ƙwarya da maraƙi gaba ɗaya. In aka tatse ta tas, maraƙin da ke ɗaure a dangwali, wato igiyar maruƙa, shi zai biya, ko ya mutu ko ya tsumbure. Mafita ita ce maigida ya ɗauki nauyin cefanen waɗannan watanni daga kuɗin akuya ko rago, a bar wa maraƙi rabonsa. Wanda ya hana tatsa bai kawo madadin ba, rigima kawai ya saya.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne shanu sun fi mutuwa a makonnin farko na ruwa. Ruwan farko na ruɓar da busasshiyar ciyawar da ta rage, sabuwar kuma ba ta kai a cika baki da ita ba. Shanu sun ji ƙanshin ɗanye, sun ƙi kara, suna ta yawo suna bin toho, ƙarfinsu na ƙarewa. Wanda suka samu kuma ruwa ne zalla, sai zawo. Ga sanyin ruwan dare a kan jikin da ba kitse. Saboda haka kada ka cinye tanadinka kaf a Afrilu. Ka ɓoye na mako uku musamman don wannan gaɓa, ka riƙa ba su busasshen abinci da safe kafin a sake su. A irin wannan lokaci ne kuma yunwa ke sa su cin tsire-tsire masu guba irin tururubi, waɗanda ke riga ciyawa fitowa, don haka yaro ƙarami ba shi ne mai kiwon waɗannan kwanaki ba.

Komowa arewa ma da lokacinta. In ka yi gaggawa ka riga ciyawa isa. In ka yi jinkiri ka tarar an yi shuka, hanya ta toshe, ga ƙudan tsando da kaska sun taso a kudu. Ana bin ruwan ne a baya da kamar mako biyu zuwa uku, zango-zango.

Damina a mashekari

Nan shanu ke biyan bashin da rani ya ci. Ka zaɓi mashekari, wato wurin zaman damina, a kan tudu mai tsakuwa ko jigawa, inda ruwa ba ya kwanciya, domin taɓo na kawo ciwon kofato, laima da cizon kaska kuma na buɗe wa ciwon fata na kirci ƙofa. A cire kaska da hannu kowace safiya ko a yi feshi, a duba kunne, da hantsa, da ƙarƙashin wutsiya. A yi hayaƙi da yamma saboda ƙudaje. A matsar da dangwalin maruƙa in wurin ya jiƙe.

Da damina ne kuma ake tsara haihuwar baɗi. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki. Wadda ta ɗauki ciki a Yuni ko Yuli za ta haihu a Maris ko Afrilu, tsakiyar wahala. Wadda ta ɗauka a Satumba ko Oktoba za ta haihu a Yuni ko Yuli, ciyawa na jiran ta. A garken da bijimi ke tare da mata dare da rana ba a iya tsara wannan gaba ɗaya, amma mai 'yan shanu kaɗan zai iya ware bijimi a farkon damina, ko aƙalla ya hana shi hawan karsanar da ba ta gama girma ba. Ka riƙe watan da aka hau kowace saniya, ko a littafi ko a waya. Da wannan za ka san waɗanda za su shiga cikin takwas ɗin nan masu cin ƙuliƙuli idan ka tsaya bakin garke a Nuwamba.